Mai Lambu Bai Tashi Ba

Litinin, 3 ga Maris, da yamma

Yau muka koma gwajin wasan kwaikwayo, karo na farko tun bayan gobarar dajin. Na so a bar shi sai baɗi, amma kwamiti ya ce gari na bukatar abin da zai ɗauke wa mutane hankali, kuma abin da aka samu a ƙofa a ba waɗanda wuta ta cinye wa gidaje. Tun da na bar koyarwa ni nake tsara wasannin garinmu, Kellmorra, don haka ba ni da ta cewa. Har yanzu zauren taron gari warin hayaƙi yake, musamman labulen.

Tsohon wasan nan ne da iyayenmu ma suka yi a zamaninsu. Manyan gari sun taru cin abinci a gidan alƙali, ana cikin ci aka tsinci ɗan gidan a rijiya. Kafin a kawo kayan zaƙi sun taru sun kashe mai lambu da duka, suka wanke hannu, suka koma tebur. Da muka zaɓe shi kafin Kirsimeti dariya muka yi ta yi, don Neville maigidana ne alƙalin, mutumin da ko gizo-gizo ya gani a banɗaki sai ya sa shi a kofi ya kai shi waje. Rhonda Broadbent ce matar alƙali. Likita Prentice ne fasto. Mai lambu kuwa Alby Trewin ne, mai kiwon zuma.

Ban zaci Alby zai zo ba. Sai ga shi da riga a goge, ya ajiye kwalbar zuma kusa da butar shayi kamar yadda ya saba. Kowa ya gaishe shi. Rhonda ma ta ce, "Sannu, Alby. Ya gida?" Mahaifin Rhonda ne aka tarar da gawarsa a bakin shinge, ya je buɗe wa tumakinsa ƙofa wuta ta rutsa da shi. Wutar kuwa daga kwarin da akwatunan zuman Alby suke ta taso, kuma an gan shi a can da gwangwanin da yake yi wa ƙudan zuma hayaƙi da shi da safiyar ranar. Iyakar abin da kowa ya sani ke nan. Masu bincike ba su ce komai ba tukuna.

Ba wanda ya buɗe kwalbar. Ni na taho da ita gida.

Laraba, 5 ga Maris, da rana

Likita Prentice ya biyo da kek ɗin kwakwa da matarsa ta yi. Sai da ya sha kofi biyu na shayi kafin ya zo kan maganar.

"Malama Glenys, ba don komai ba, don lafiyarsa. Da za ki ce masa ya huta bana. Ke yake jin maganarki."

Na je. Na tarar da Alby a bayan gida yana gyaran akwatunan da suka tsira. Itatuwan turaren da ke kewaye da gidan duk sun koma baƙaƙen sanduna. Na yi ta kewaye-kewaye, shi kuma yana ta kankare katako yana saurare.

"Haba, Malama," ya ce. "Shekara da shekaru ina roƙonki ki ba ni abin da ya fi ɗaukar tire, sai yanzu da na samu za a kashe ni a gaban gari za ki ƙwace?"

Ban yi dariya ba. Ya ajiye wuƙar.

"In na fita daga wasan nan, me na ce ke nan? Na ce ni ne. Ba ki ma tambaye ni ba."

"Ban zo tambaya ba, Alby."

"To ni in gaya miki. Kullum in na gama ina zuba wa gwangwanin ruwa. Ran nan ma na zuba. Ina jin na zuba. In na rufe ido wani lokaci ina ganin gorar a hannuna, wani lokaci ba na ganinta. Ban sani ba, Malama. Amma a garin nan aka haife ni, ke kika koya mini rubuta sunana. Ba zan ɓuya ba."

Na dawo na ce wa Likita ya ƙi. Ya ce, "To, mun dai yi namu."

Alhamis, 6 ga Maris, da safe

Toka a kan shanyata kuma. Ban san daga ina take zuwa ba, babu abin da ya rage da zai ƙone.

Asabar, 8 ga Maris, da la'asar

Mun kai wurin dukan. Yadda na tsara, Rhonda za ta ɗaga hannu ta mare shi, hannun ya wuce ta gefen kunne, wani a bayan labule ya tafa. Daga nan maza su kewaye shi da sandunan soso, ya faɗi bayan doguwar kujera inda 'yan kallo ba sa gani, su yi ta dukan katifar da muka shimfiɗa.

Hannun Rhonda bai wuce ta gefen kunne ba. Ƙarar ta kai har ƙarshen zauren.

"Wayyo, Alby, yi haƙuri! Kuskure ne. Na ji maka ciwo?"

"Ba komai, Rhonda. Ƙudan zuma sun fi ki zafin hannu."

Aka yi 'yar dariya, aka sake. Ta sake yin kuskuren.

Abin da ke damuna shi ne, tunda nake tsara wasa ban taɓa ganin abin da ya yi kyau kamar wannan ba. Mutanen nan da kullum suke tsaye kamar turame suna karanto magana, yau idanunsu sun canza, muryoyinsu sun fito daga ciki. Na ji bakina ya ce, "Madalla! Haka nake so." Da muka tashi Neville ya riƙe wa Alby kwat ya sa hannu.

Litinin, 10 ga Maris, da yamma

Tikiti ya ƙare. Bara sai da na bi mutane gida-gida, rabin kujeru ma ba su cika ba. Bana har daga garuruwan gefe ake bugo waya. A kantin burodi wata mata da ban sani ba ta tambaye ni, "Da gaske shi mai zuman ne zai fito a wanda ake kashewa?" Na ce e. Ta ce a ajiye mata huɗu in an samu.

Talata, 11 ga Maris, da hantsi

An kifar da akwatunan Alby an zuba musu fetur. Ba a kunna ba, ba wanda zai kunna wuta a garin nan yanzu, amma fetur kaɗai ya isa. Alby ya ce da shebur ya kwashe matattun ƙudan zuman.

Jiya bayan cin abinci Neville ya tafi taron 'yan kwana-kwana na sa-kai. Yau da safe wuyan hannunsa ya kumbura suntum, akwai wani kumburin a bayan kunne. Ya ce rina ce a rumfar mota. Na naɗe ƙanƙara a tawul na ɗora masa. Ya ce, "Na gode, Glen. Me zan yi in ba ke?"

Ban tambaya ba.

Jumma'a, 14 ga Maris, da yamma

Neville yana cikin waɗanda suka ɗauko mahaifin Rhonda. Tun suna yara suke wasan ƙwallo tare. Bai taɓa gaya mini yadda ya gan shi ba, amma tun ranar ba ya cin gasasshen nama. Ina rubuta wannan don in tuna cewa mutumin kirki ne. Duk mutanen kirki ne. Likita ya kwana uku yana yi wa masu ƙuna magani bai karɓi ko sisi ba. Rhonda ce ke dafa wa iyalan da ke kwana a makaranta.

Asabar, 15 ga Maris, da la'asar

Bayan gwaji na shiga ɗakin canza kaya neman almakashi, na tarar da Alby ya cire riga. Haƙarƙarinsa na hagu duk ya yi baƙi da shuɗi, wani wurin ya fara komawa ruwan ɗorawa, wato ba na yau kaɗai ba ne. Sandar soso ba ta yin haka. Takalmi ne.

"Wa ya yi maka wannan?"

"A bayan kujera duhu ne, Malama. Ƙafafu kawai nake gani."

"Na soke wasan. Yau ɗin nan."

Ya mai da rigarsa a hankali, yana cije leɓe. "Kada ki soke. Bari su huce. Gara su yi a nan inda akwai fitila da mutane, da su same ni ni kaɗai a kwari. In an gama wasan nan an gama. Za mu sunkuya tare, a tafa mana, kowa ya ga na tsaya. Shi ke nan."

Na ce ba shi ke nan ba ne. Ya ce, "To me kike da shi da ya fi wannan?"

Na fita ban ɗauki almakashin ba.

Talata, 18 ga Maris, da rana

Na kai maganar gaban kwamiti a gidan Likita. An shimfiɗa farin ƙyalle, an fito da kofunan da ake ajiye wa baƙi. Na ce ana ji wa Alby ciwo da gangan.

"Da gangan, Malama?" in ji Likita. "Babbar magana ce wannan. Wa kike zargi?"

Na dubi fuskokinsu. Rabinsu ni na koya musu ɗaure igiyar takalmi.

Rhonda ta ce, a hankali, "Iyalai suna kwana a kan tabarmar motsa jiki, Malama. Wa zai je ya gaya musu an fasa saboda Alby Trewin ya ƙuje? Ki je ke. Ni na gaji da kai wa mutane mugun labari."

Neville ya dafa hannuna ya ce, "Za mu kula, Glen. Na yi miki alkawari." Aka ɗaga hannu a kan a ci gaba da wasan. Ni kaɗai ce ban ɗaga ba, kuma ban ɗaga na ƙi ba, don ba a tambaya ba. Matar Likita ta ƙunsa mini sauran biskit.

Alhamis, 20 ga Maris, da yamma

Gwajin ƙarshe da kayan wasa. Ba wanda ya taɓa shi. Ko marin ma ya wuce ta gefen kunne. Ya kamata in ji sanyi a raina, amma ban ji ba.

Asabar, 22 ga Maris, da safe

Na guge wa Neville baƙar kwat. Ya tsaya gaban madubi yana gyara ɗamarar wuya, ya ce yaya na gan shi. Na ce kamar ranar aurenmu. Gaskiya ce.

Asabar, da magariba

Ba zan iya ba yau.

Lahadi, 23 ga Maris, da rana

Ban je coci ba. Zan rubuta yadda ya faru, sau ɗaya.

Zaure ya cika har da na tsaye a jikin bango, kowa da kayan fita, mata da huluna. A waje ana gasa tsiran sosej ana sayar da lemo. Kashi na farko ya tafi lafiya, an yi dariya inda ake dariya. Da Alby ya shigo da kwandon furanni sai wurin ya yi tsit, irin tsit ɗin da ban taɓa ji ba. Ya yi maganarsa duka bai manta ko kalma ba. Ya yi kyau ƙwarai.

Ni ina gefen dandamali, igiyar labule a hannuna. Yadda aka tsara, in ya faɗi bayan kujera, alƙali ya yi duka uku, ya miƙe ya nemi ruwan wanke hannu, ni kuma in saki labule a gyara tebur.

Rhonda ta mare shi. Suka kewaye shi. Ya faɗi. Alƙali bai miƙe ba.

Daga inda nake ina ganin bayan kujerar. 'Yan kallo bayan mutane kawai suke gani, da kafaɗu suna hawa suna sauka. Sandunan soso suna ƙasa, ba wanda ke riƙe da su. Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya yi zagi. Numfashi kawai, da wata ƙara kamar ana buga jiƙaƙƙen buhu. Daga cikin kujeru wata murya ta ce, ba da ƙarfi ba, "Ƙara masa." Wata ta amsa daga baya.

Igiyar tana hannuna. Saki kawai zan yi. Ina ta ce wa kaina yanzu alƙali zai miƙe, yanzu zai nemi ruwa, in na saki kafin lokaci na ɓata wasan. Wallahi abin da ke kaina ke nan, kada in ɓata wasan.

Can Neville ya miƙe. Ya gyara kwat ɗinsa, ya nemi ruwa da muryar da muka gwada. Na saki labule. Aka ɗaga, suka koma tebur, suka ƙarasa wasan har ƙarshe, ba wanda ya yi tuntuɓen harshe. Mutane suka miƙe tsaye suna tafi, wasu suna share hawaye. 'Yan wasa suka jeru suka riƙe hannu, suka bar gurbi a tsakiya inda mai lambu zai tsaya. Suka sunkuya. Suka sake sunkuyawa. Gurbin yana nan.

Likita ne ya fara zuwa wurin Alby a bayan kujerar, yana sanye da kayan fasto. Ya durƙusa ya yi duk abin da ya kamata, hannunsa ko rawa ba ya yi. An ce ba don shi ba da Alby bai kai asibiti da rai ba. Jirgi mai saukar ungulu ya sauka a filin ƙwallo ya tafi da shi birni.

Litinin, 24 ga Maris, da safe

Baƙaƙen takalman Neville suna kan matakalar baya, an wanke su har da igiyoyin an shanya. Tunda muka yi aure bai taɓa wanke takalmi da ruwa ba.

Ban tambaya ba.

Laraba, 26 ga Maris, da la'asar

Sajan Dwyer na 'yan sanda ya zo. Ya cire hula a bakin ƙofa, ya zauna a gefen kujera kamar lokacin da yake aji uku. Ya ce ya ji ta bakin kowa, kuma bakinsu ɗaya: Alby ya zame, kansa ya bugu da ƙarfen ƙafar kujera, su kuma a cikin duhu ba su lura ba suka yi ta tattaka shi suna zaton katifa ce.

"Ke ce a gefe, Malama. Ke kaɗai ce kike ganin bayan kujerar. Me kika gani?"

Neville yana kicin yana haɗa mana shayi. Ina jin yana neman gwangwanin sukari, kullum ba ya sanin inda yake.

Na ce idona yana kan takardar wasa, ina bin layi.

Dwyer ya dube ni ya daɗe. Sannan ya sauke ajiyar zuciya, kuma na rantse sauƙi ya ji. Mahaifiyarsa tana layin kujeru na biyu ranar wasan. Ya ce, "Na gode, Malama. Haka na zata."

Jumma'a, 28 ga Maris, da rana

A kantin burodi an ajiye gwangwani da hoton Alby, ana tara masa gudummawar magani. Ya kusa cika. Rhonda ce ta kawo shawarar.

Lahadi, 30 ga Maris, da yamma

Na shiga motar safe na tafi birni ni kaɗai. Na ce wa Neville gobe zan ga likitan ido, a can zan kwana.

'Yar'uwar Alby, Noelene, tana bakin ɗakinsa a asibiti. Ba ta san ni ba. Da na faɗi sunana ta rungume ni, ta ce Alby kullum yana maganata, ta ce mutanen Kellmorra sun cika mutane, furanni har ba wurin ajiyewa. Ta ce idon hagu ya tafi, hannun dama ba ya motsi, magana kuma tana zuwa tana ɗaukewa. Ba ya tuna ranar, daga shigarsa da kwandon furanni komai ya goge. Da an sallame shi za ta tafi da shi can wurinta, ba zai iya zama shi kaɗai ba.

Na zauna kusa da gadon. An aske kansa, fuskar ba tasa ba ce. Na zo da magana a bakina tun daga gida, na yi ta maimaita ta a mota. Ya buɗe idon da ya rage, ya daɗe yana dubana kafin ya gane ni. Leɓensa ya yi ta motsi, na sunkuya.

"Malama. Na yi daidai?"

"Ka yi daidai, Alby. Ba ka manta ko kalma ba."

Ya rufe idon, na zaci ya koma barci. Sai ya ce, "Sun tafa?"

"Sun tafa. A tsaye."

Gefen bakinsa da ke motsi ya ɗaga. "Kin gani," ya ce. "Na gaya miki za su huce."

Noelene ta shigo da ruwa. Na ce mata motata za ta tashi.

Talata, 1 ga Afrilu, da safe

An yi ruwa jiya, na farko tun bara. Kowa a titi yana murmushi.

Alhamis, 3 ga Afrilu, da yamma

Kwamiti ya zauna ban je ba. Neville ya dawo ya ce an sake zaɓena baki ɗaya in tsara wasa, kuma baɗi abin dariya suke so, mai waƙe-waƙe. Ya ce masu binciken gobara sun ɗage rahotonsu, wataƙila ma ba za a taɓa sanin mafarin wutar ba.

Muna zaune a baranda. Ya ɗauko tuffa da 'yar wuƙarsa ya fara fere ta a hankali, ɓawon yana sauka a zare ɗaya bai tsinke ba. Na zuba wa hannayensa ido. Tsofaffin hannaye ne masu tsabta, farce a yanke. Ya yanka ta huɗu, ya cire ƙwallon, ya zaɓi wadda ta fi kyau ya miƙo mini a bakin wuƙar.

"Kin rame, Glen," ya ce. "Ci mana."

Na karɓa na ci.